Tarihin Kek Na Gwangwani A Ƙasar Rimin Gado

Rimin Gado gari ne da ke yamma da birnin Kano, tafiyar kamar kilomita 20 bisa hanyar Gwarzo, shi ne kuma hedkwatar ƙaramar hukumar da ta haɗa garuruwa irin su Gulu, da Butu-Butu, da Karofin Yashi, da Yalwan Danziyal. Ƙasa ce mai yawan jama'a ƙwarai. A ƙidayar shekarar 2006 an sami mutum 104,790 a fili wanda bai wuce murabba'in kilomita 225 ba. Saboda haka gona ba ta hutawa a can, kowace shekara sai an nome ta, ba kuwa abin da ke riƙe da ƙarfinta sai taki da toka da sharar gida. Mutanen irin wannan ƙasa ba su san yar da abu ba. Karan dawa ya yi danni, in ya tsufa ya shiga murhu, tokarsa ta koma gona. To, da gwangwani ya zo musu daga ƙasashen Turai, aka shanye abin da ke cikinsa, ba su ga dalilin da zai sa shi kaɗai ya zauna ba aiki ba.

Aikin da ya fi ba da mamaki cikin ayyukan da aka ba shi shi ne gashin kek. Yawancin mutane sun ɗauka kek abincin Turawa ne tun daga tushe har reshe, wai matan ƙauye sun kwaikwaya ne kawai gwargwadon ƙarfinsu. Amma in an bi sawun abin sai a ga ba haka ya ke ba. Alkama ta riga Turawa zuwa Kano da ɗaruruwan shekaru, sana'ar mata ta cikin gida kuwa ta fi alkamar ma daɗewa. Abin da ya zo daga teku shi ne gwangwanin da sunan kek ɗin, sai kuma hodar da ke sa shi ya tashi.

Sunayen abincin alkama da kansu sun isa shaida. Kalmar alkama Larabci ce, haka alkubus, haka gurasa, haka alkaki. Fataken Larabawa na Tarabulus da Gadamus su ne suka zo da waɗannan abubuwa ta hamada, suka zauna cikin birni wajen Dala. Da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya iso Kano cikin 1851, ya tarad da su da gidajensu da dukiyarsu. Unguwar da a ke kira Dandalin Turawa ma don su aka sa mata suna, gama a zamanin nan in an ce Bature, Balarabe a ke nufi. Daga gidajensu matan birni suka koyi murza taliya, da suyar alkaki, da gashin gurasa cikin tanderu, har unguwar Jakara ta yi suna da ita. Amma alkama ba ta son zafin damina, sai da rani a ke shuka ta a fadama, a yi ta ban ruwa da jigo lokacin hunturu. Don haka ba ta da yawa, tana da tsada, ta zama abincin sarakuna da attajirai da ranar biki. Talakan Rimin Gado gero da dawa ya sani, alkama sai in an yi aure ko suna.

Akwai wani abu game da tanderu wanda ya kamata a lura da shi, don shi ne ya buɗe wa gwangwani ƙofa. Gurasa kwaɓinta mai ƙarfi ne, ana manna ta jikin tanderu ta tsaya har ta gasu. Kwaɓin kek kuwa ruwa-ruwa ne, in an manna shi sai ya zube cikin wuta. Dole sai da mazubi. Hausawa sun san mazubi, ga tandar waina nan mai gurabe tun kaka da kakanni, amma waina suya ce a sarari, ana juya ta da cokali. Abin da babu shi ne ƙaramin mazubi mai zurfi, marar nauyi, wanda zafi ke ratsawa da sauri, wuta kuma ba ta fasa shi.

Shi gwangwani yaƙi ne ya haife shi. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, gwamnatin Faransa ta matsu da neman hanyar da abincin soja zai daɗe bai ruɓe ba. Wani mai sana'ar kayan zaƙi, Nicolas Appert, ya gano cewa in an zuba abinci cikin kwalba, aka toshe bakinta sosai, aka dafa ta cikin tafasasshen ruwa, sai ya yi watanni lafiya lau. Aka ba shi ladan faran 12,000, ya buga bayanin dabararsa cikin 1810. A cikin shekarar nan kuma wani mutumin Ingila, Peter Durand, ya sami takardar izinin yin haka da mazubin ƙarfe maimakon kwalba, ba da jimawa ba Bryan Donkin da abokansa suka buɗe ma'aikata a Landan suna cika wa jiragen ruwan yaƙi gwangwanaye. Gwangwanayen farko kauri gare su, sai da guduma da kurfi a ke buɗe su, abin buɗe gwangwani bai fito ba sai bayan shekara arba'in da wani abu. Cikin 1856 wani Ba'amurke, Gail Borden, ya sami izinin dabararsa ta ƙafe madara ta yi kauri, daga nan madara ta shiga gwangwani, ta kama hanyar ƙasashe masu zafi inda nono ba ya kwana.

Gwangwani ba kome ba ne illa fallen baƙin ƙarfe da aka shafe da kuza don kada ya yi tsatsa. Kuza kuwa, abin mamaki, tana cikin arzikin ƙasar nan. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai, can kudancin ƙasar Kano, suna narka ta suna sayar wa fatake. Da Turawa suka kama haƙar ta a Jos, har suka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya wadda ta isa can cikin 1914, sai aka riƙa ɗibar ta ana kaiwa Ingila. Ba abin mamaki ba ne in wani gwangwanin da ya sauka kantin Kano a zamanin nan yana ɗauke da kuzar da lebura Bahaushe ya haƙa da hannunsa.

Turawa sun ci Kano cikin Fabrairu 1903, amma ba bindiga ce ta kawo gwangwani ƙauye ba, jirgin ƙasa ne. Hanyar jirgi ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912, nan da nan cinikin gyaɗa ya tashi. Kamfanoni irin su John Holt da Kamfanin Neja, wanda daga baya ya shiga cikin U.A.C. a 1929, suka kafa kantuna tsakanin tasha da Fagge. Manomin yamma da birni ya ɗora gyaɗarsa bisa jaki ya kai sikeli, ya komo da akoko da gishiri da kananzir. Gwangwanin da ya fara zama ɗan gida shi ne garwar kananzir mai cin galan huɗu. Ta zama abin ɗiban ruwa, ta zama ma'aunin manja da man gyaɗa, in ta huje a buɗe ta a rufe ƙofa da ita. Ƙananan gwangwanaye kuwa maƙera suka mai da su fitilar a-ci-bal-bal, da mazurari, da asusu, yara suka yi mota da ragowar.

Aikin da ya fi kome muhimmanci ga wannan labari shi ne awo. Mudu na ƙwarya ne ko na itace, na wannan kasuwa ba daidai ya ke da na waccan ba, rigima kuwa ba ta ƙarewa tsakanin mai awo da mai saye. Amma gwangwanin madara inji ne ya buga shi, na Kano da na Gwarzo duk ɗaya ne. Madarar Peak ta fara shigowa Nijeriya daga Holan cikin 1954, aka kafa kamfanin yin ta a Ikko cikin 1973, ƙaramin gwangwaninta mai cin giram 170 ya bazu ko'ina, har ya zama in mace ta ce gwangwani biyu na sukari, ba mai tambayar wane gwangwani. Ba Hausawa kaɗai suka yi haka ba. A Ikko har yanzu ana auna shinkafa da wake da abin da su ke kira derika, sunan wani tumatirin gwangwani ne na Italiya, De Rica.

Daga awo sai ya shiga tukunya. Alala, wadda mutanen kudu ke naɗewa cikin ganye, a nan gwangwani aka shafa wa mai aka zuba ta. Alkubus ma haka: a kwaɓa alkama da yis, a bari ta tashi, a zuba cikin gwangwanaye, a turara, a ci da miyar taushe. Watau kafin kek ya zama abin kowa, hannun matan Kano ya riga ya saba da shafa wa gwangwani mai, da sanin inda za a tsai da ƙullu don a bar masa wurin tashi, da bugun gindinsa a tafin hannu don abin da ke ciki ya fito bai karye ba. Abin da ya rage kawai shi ne a sauya tururi da busasshen zafi.

Ta hanya biyu ilmin kek ya fito daga gidajen Turawa. Ta farko ita ce ta kukunsu. Joji ko Di'o in zai fita rangadi ba ya ɗaukar murhun gashi, duk da haka yana son burodinsa da kek ɗinsa na shan shayi, saboda haka kuku ya koyi gasa su cikin garwa ko tukunya, wuta a ƙasa, garwashi a bisa. Waɗannan kuku 'yan ƙasa ne, suna da mata da 'yan'uwa, abin da hannu ya iya kuwa ba ya tsayawa gidan ubangida. Ta biyu ita ce makaranta. Cikin 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, a hankali darasin kula da gida ya haɗa har da girki. Amma iya abu dabam, samun kayan yinsa dabam. Fulawa daga ƙetare ta ke zuwa, sukari na kwali ne mai tsada, zaƙin ƙauye zuma ce da mazarƙwaila. Ƙwai kuma ba abin ci ba ne a wurin yawancin mutane: na kaza a bar mata ta ƙyanƙyashe, na zabi sai da damina a ke samu, har ma akwai camfin da ke cewa yaron da ya saba da cin ƙwai zai yi sata.

Waɗannan tarnaƙi ba su warware ba sai bayan samun mulkin kai. Injin fulawa na Apapa ya fara aiki cikin 1962, na sukari a Bacita ya biyo baya wajen 1964, cikin 1971 kuma aka kafa kamfanin fulawa na Arewa a Bompai, nan cikin Kano. Sa'an nan kuɗin man fetur ya zo, aka yi ƙarin albashin Udoji cikin 1974, gidajen kiwon kaji suka yawaita a gefen birni, masu shayi suka kafa tebur a kowace tasha suna huda gwangwanin madara safe da yamma. Cikin 1976 aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka tsiro a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo baƙi ba. To, ga fulawa a kanti, ga gwangwani a bayan teburin mai shayi, ga kuma yara ɗari da kwabo a aljihu suna fitowa tara. A wannan zamani ne kek ya sami gindin zama a garuruwan da ke bakin hanyar Gwarzo.

Yadda a ke yinsa ya cancanci a tsaya a kansa, gama a nan dabarar ta ke. Mai shayi huji biyu kawai ya ke yi wa gwangwani, don haka sai an sa wuƙa an yanke saman duka, a bi bakin da dutse ko taɓarya a danne kaifin. A cire takardar jiki, a wanke da toka ko sabulu, a shanya a rana. Sa'an nan a sami babbar tukunya, a zuba yashi mai tsabta kamar kaurin yatsa biyu ko uku a gindinta, waɗansu kuwa tsakuwa su ke jerawa. A ɗora bisa wuta a rufe har yashin ya ɗauki zafi. Kafin nan an buga bota da sukari da muciya har sun yi fari, an fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, an tankaɗe fulawa tare da hodar kumburi, wadda mata ke kira bekin fauda. Ita wannan hoda wani mai haɗa magunguna ne a Ingila, Alfred Bird, ya fara haɗa ta cikin 1843, don matarsa ba ta iya cin abin da aka sa wa yis. A shafe gwangwanaye da mai, a zuba kwaɓin ya ɗan wuce rabi, a jera bisa yashin, a rufe da faifan ƙarfe ko murfi, a zuba garwashi a kai.

Amfanin yashin shi ne ya tare harshen wuta. Yana ɗaukar zafi a hankali, yana sakinsa a hankali, ya raba shi daidai, sai cikin tukunya ya zama kamar ɗakin gashi. In ba shi, gindin kek zai ƙone cikinsa na ɗanye. Ƙanƙantar gwangwanin ita ma taimako ce: zafi na isa tsakiyarsa da wuri, kafin rabin sa'a ya nuna, alhali babban kek guda sai ya ci itacen girkin yini. A ƙasar da kara da itace ke da kuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwanar mace ba ta da ma'aunin zafi, tafin hannunta ta ke karawa bisa bakin tukunya ta san ko ya yi. Ba ta yawan buɗewa, don in iska ta shiga kek ya faɗa, ba ya kuma tashi. In ƙamshi ya fito sai ta soka tsinken tsintsiya, in ya fito a bushe ta sauke. Kek na son zafin da bai wuce digiri 180 da yawa ba, kuzar jikin gwangwani kuwa ba ta narkewa sai a digiri 232, ashe tazarar ba ta da faɗi, mai hura wuta da yawa ita ke ɓata kayanta.

Me ya sa wannan sana'a ta karɓi matan aure haka? Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna Batagarawa ta Katsina, sa'an nan ta yi aiki a Ɗorayi kusa da Kano cikin 1971 da 1972, ta nuna cewa a ƙasar Hausa akwai wata kasuwa ɓoyayya wadda ba ta da rumfa: matan kulle na saye da sayarwa daga cikin ɗakunansu, yara su ne ƙafafunsu. Abin da irin wannan ciniki ke bukata shi ne kaya wanda ba ya son jari mai yawa, ba ya lalacewa kafin yamma, kuma ba a yin ciniki a kansa, don yarinya 'yar shekara takwas ba ta iya ja-in-ja da babba. Kek na gwangwani ya cika duk sharuɗɗan nan. Ƙosai in ya huce ya rage daraja, kek kuwa ya kwana biyu. Kowane ɗaya daidai ya ke da ɗan'uwansa, kuɗinsa ɗaya. Uwa ta ƙirga guda talatin a faranti, ta san abin da za a kawo mata, in ya kasa ta san inda za ta tambaya. Ribar ba ta da yawa, amma da ita a ke zubin adashi, da adashin kuma a ke tara kwanoni da tasoshin ɗakin 'ya mace. Har gara ma ya shiga, ya zauna kusa da alkaki da nakiya da dubulan, ko da ya ke tsofaffi ba su ba shi girman da su ke ba alkaki ba, don alkaki na yin wata bai canja ba.

Sai dai sana'ar na da rauni guda babba: ba abin da ke cikin kwaɓin da gonar Rimin Gado ke bayarwa, sai fa ƙwai. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Nijeriya ke ci daga waje a ke sayo ta. An gina madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka yi ta noman alkama a Kadawa, amma bai taɓa kusantar abin da injuna ke bukata ba. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga farkon 1987, fulawa ta yi wuya ta yi tsada, ba a ɗage hanin ba sai cikin 1992. Haka aka sake gani da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi cikin 2022, sa'an nan darajar naira ta faɗi cikin 2023. A irin wannan hali mai kek ba ta iya ƙara kuɗi yadda ta ga dama, don abin da ke hannun ɗan makaranta bai ƙaru ba. Sai ta sauya mazubi. Ta ajiye gwangwanin madara ta ɗauko na tumatir mai cin giram 70, kuɗi na nan yadda ya ke, kek ya ƙanƙance. In abin ya ƙara tsanani ta rage ƙwai, ta sa man gyaɗa maimakon bota, har a kai inda sunan kawai ya rage.

Akwai kuma haɗari wanda bai kamata a ɓoye ba. Gwangwanayen da can da dalma a ke like gefensu, dalma kuwa guba ce mai taruwa a jiki, ta fi cutar da yara. Amurka ba ta haramta irin wannan liki ga gwangwanin abinci ba sai cikin 1995. Na yanzu yawanci ba su da dalma, amma da yawa an shafe cikinsu da wani siririn roba wanda ba don wutar gashi aka yi shi ba. Gwangwanin da ya yi tsatsa, ko ya fara ɓarewa daga ciki, ya gama aikinsa. Mafi muni duka shi ne na fenti ko na maganin ƙwari, wanda a ƙasar manoma ba ya wuyar samu, ba kuwa wankin da ke tsarkake shi.

Yanzu gwangwanin kansa ya fara wuya. Tun da madarar gari ta Cowbell ta fito cikin ƙananan ledoji a 1993, sauran kamfanoni suka bi, tumatir ma ya koma leda, mai ƙaramin ƙarfi ya daina sayen gwangwani. Wanda aka samu kuma 'yan gwangwan na bi gida gida suna saye a kan kilo, su kai a narka. Alala ta riga ta koma ƙullin leda a gidaje da yawa. Masu kek kuwa suna sayen mazubi na musamman a kasuwannin birni, waɗansu na ƙetare masu gurabe shida ko goma sha biyu, waɗansu maƙeran gida ne ke yanka su daga falle, da siffar zuciya ko ta fure. Tukunya da yashi suna nan ba su tafi ba, don wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, gas kuma sai mai hali. In mace ta aiki yaro kasuwa sayen irin wannan sabon mazubi, abin da ta ke ce masa shi ne ya sayo mata gwangwanin kek dozin guda.